Waƙar Itatuwan da Ruwa Ya Rufe

Ranar bikin ɗiyar maƙwabcina ina zaune ƙofar gida ina gyaran taru, sai na ji muryata tana fitowa daga lasifika. Tawa ce, ba ta wani ba, sai dai an matse ta kamar mutum na magana cikin garwa, an kuma ɗora ta bisa wani kiɗa mai dukan ƙirji. Mata da 'yan mata sun cika fili, ana juyi ana guɗa. Abin da muryar ke faɗi kuwa shi ne, "Sassauta ɗan Inna, iyayenmu na kwance nan." Baitin maƙabarta ke nan. Wurin da in munka iso da jirgi ake ɗaga filafili daga ruwa kowa ya yi shiru, a kansa amarya ke karkaɗa kafaɗa. Na aje taru, na tari wani saurayi da ke tsalle gumi na zuba, na ce mashi, "Kai, tsaya. Mi waƙar nan ke cewa?" Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakan kakansa. Ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba, amma kiɗan ya yi." Na ce, "Da Hausa fa anka yi ta." Ya ce, "To ai ba karatu muka zo ba." Ya koma tsallensa.

Ba don maƙabarta raina ya fi ɓaci ba, matattu ba su jin lasifika. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ɗana. Babban ɗana ya gaji da kabu-kabu a Yelwa ya dawo gida, wani Alhaji ya ba shi jirgin inji yana kai mutane kasuwar ƙetare. Ya fara tuƙi bayan damina, ruwa a cike, ko makaho ya riƙe inji zai ƙetare lafiya. To ga bazara ta shigo, ruwa ya fara ja baya, kuma ƙarƙashin hanyar da yake bi da mata da goyo da buhuna akwai itatuwa goma sha biyu a tsaye, kullum suna ƙara matsowa sama. Waƙar nan da ake tiƙar rawa da ita, ita ce ke faɗin inda kowane yake. Ɗan nawa yana da ita cikin waya, yana da ita cikin lasifikar jirgi, yana binta da baki safe da yamma, amma ko itace ɗaya bai sani ba.

Ni bokona bai yi nisa ba, don haka kada a jira mani dogon bayani. An haife ni bayan an datse ruwa. Ban ga tsohon garinmu da ido ba, na taso ne cikin gidajen siminti da gwamnati ta jera mana bisa tudu kusa da Warra, waɗanda da rani suke gasa mutum kamar kifin banda. Amma na taso cikin mutanen da sunka bar garin da ƙafarsu. Inna in za ta yi kwatance sai ta nuna tsakiyar ruwa da leɓe, ta ce can ne rijiyarmu, kamar za a iya zuwa a ɗebo. Kawuna, ƙanen Inna, shi ne mai jirgi. Shi da abokan tuƙinsa sunka shirya waƙar shekarun farko da ruwa ya hau, bayan jirage sun sha fashewa a kan itatuwan da sunka yi wasa ƙarƙashinsu suna yara. Kawu kan ce kuka da girmanta ita ta fara ruɓewa, ko shekara biyu ba ta yi ba, amma kirya da marke da kanya sun ƙi mutuwa, sun tsaya can ƙasa suna jiran katako. Ya ce mutane ma haka suke, kada girman jiki ya ruɗe ka.

Ga yadda waƙar take. Kowane baiti yana gaya maka abin da za ka duba a tudu, da itacen da ke ƙasa, da mai shi, da hannun da za ka bar shi. Na farko yana cewa:

Dutse mai tsaga in ya hau kan farin yashi,
Kiryar maƙeri na ƙasa, ba ta mutu ba,
Bar ta dama ɗan Inna, bar ta dama.

Sai masu tuƙi su amsa, "Ja ɗan Inna, ja, gida na ƙasa." An auna tsawon kowane baiti da bugun filafili, yadda kana ƙare wanga da amshinsa ka iso bakin na gaba. Babu wata magana a lulluɓe a ciki. Kirya kirya ce, dama dama ce. Duk wanda ke jin Hausa kuma ya buɗe kunne zai iya ƙetare ruwa da ita.

Har yau in na rufe ido ina jin safiyar kasuwa ta wancan zamani. Ba ƙarar inji, ba hayaƙi. Za ka ji ƙwarya tana karce cikin jirgi ana kwarfe ruwan da ya kwana, wanda aikina ne tun ban kai tsawon filafili ba. Za ka ji ana buga tsumma cikin tsaga da guntun ƙarfe, awaki na kuka an ɗaure masu ƙafa, mata na faɗa a kan wa zai zauna nesa da kwandon kifi. In an tura jirgi sai duk wannan ya lafa, ya rage filafili huɗu suna shiga ruwa tare kamar numfashin mutum ɗaya, da muryar Kawu daga baya, kaushi gare ta kamar ana jan buhu bisa tsakuwa. Ba wanda ya taɓa cewa muryarsa na da daɗi, kuma ba wanda ya taɓa yin surutu a kanta. In munka iso baiti na shida, na marken maƙabarta, sai a ɗaga filafili jirgi ya tafi da kansa. Musulmi su yi Fatiha, masu zuwa coci su sunkuyar da kai, tsofaffin da ke kan addinin iyayensu su ɗebi ruwa da tafi su mayar a hankali. Ba wanda ke duban yadda wani ke yi. Ɗigar ruwa daga bakin filafili kaɗai ake ji.

Ba waƙar jirgi ce kaɗai ake saurare haka ba. A teburin mai shayi na bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, akwai rediyo mai cin kaset, sai ka ga manyan mutane masu gemu sun tsai da waƙa, an zare kaset an juya shi da biro an mayar baya, don kawai ana gardama a kan kalma guda. Wanga ya ce da sarki mawaƙin yake, wancan ya ce a'a, da wanda ke zuga sarkin yake. Shayi ya huce ba a gama ba. Na san wani mai shanu a yankinmu da ya shahara da rowa, wani maroƙi ya sa shi cikin baiti biyu kacal ba tare da ya kama suna ba, kafin sati ya zagayo mutumin ya yanka sa ya raba, don ko yara sun gane da wa ake. Mace in tana niƙa tana waƙa, maigida kan rage tafiya a bayan danga ya ji ko akwai saƙonsa a ciki. Ba na cewa mu waliyyai ne. Mun je silima a Yelwa mun rera waƙoƙin Indiya ba mu san ko zaginmu ake ba. Amma wannan harshen wasu ne, muna da uzuri. Yaran yanzu kuwa da harshen da aka yaye su ake yi masu waƙa, su kwana suna binta, ka tambaye su su ce kiɗan ya yi. Na ga an raka amarya ɗaki da waƙar da ke cewa ki tattara kayanki na gaji da ke, uwar amarya ma tana cikin masu rawa.

Amma in zan zagi yaran yanzu, gaskiya ta tilasta in fara da kaina. Na yi murya ina saurayi, ba yabon kai ba. Na haddace waƙar Kawu tun kafin in fara aski da reza, kuma na fi shi iya rera ta nesa ba kusa ba. In na ja ta a dandali 'yan mata kan bar gaɗa su kewaye ni. Kawu ya ji ni sau ɗaya, ya tofar da goro ya ce, "Wanga yaro muryarka ta fi kunnenka girma." Na ɗauka yabo ne.

Wata bazara kurkunu ya kama shi a ƙafa, ya kwanta. Ranar kasuwa ta zo, kaya sun taru a kwata, ya ce in riƙe baya in ja waƙa. Karo na farko ke nan. Cikin jirgin akwai buhunan albasa na wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mutuniyar Kambari ce, duk unguwa Gwaggo muke ce mata. Mijinta ya rasu, ita kaɗai ta yi ranin nan tana ban ruwa da ƙwarya, bayanta a duƙe tun asuba. Akwai kuma wata yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli da na daɗe ina so ta dube ni. Baiti na uku shi ne mafi daɗi a duk waƙar, na tsamiyar dandali, inda ake cewa ruwa ya cinye gaɗa bai cinye tsamiya ba. Da na ja shi na karya murya a ƙarshe, sai yarinyar ta waiwayo ta yi murmushi. Na huɗu kuwa ba shi da armashi ko kaɗan, kanyar gidan mai zuma ce, bar ta hagu, shi ke nan. Sai na ce a raina mi zai hana in maimaita mai daɗin. Na maimaita. Masu tuƙi sunka amsa, don aikinsu amshi ne. Ban dubi tudu ba, ban juya jirgi ba, idona na kan ƙeyar yarinya.

Gwaggo ce kaɗai ta ɗago kai. Ta ce, "Kai ɗan nan, kanya fa?"

Ba ta rufe baki ba munka hau ta. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshiyar ƙwarya, amma sai ga ruwa na ɓulɓulowa tsakanin ƙafafun mata. Anka yi ta salati, kowa na kiran abin da yake bauta wa. Babban cikin masu tuƙi ya tuɓe riga ya danna cikin tsagar ya taka da ƙafa, ya ce a rage kaya ko mu nutse gaba ɗaya. Albasa ta fi komi nauyi. Da hannuna na tura buhunan Gwaggo cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, tana zaune tana kallo. Da ƙyar munka lallaɓa zuwa wani yashi. Ba wanda ya mutu. Yarinyar ƙuli-ƙuli ba ta sake duba ta inda nake ba, daga baya ma wani mai gyaran keke ta aura.

Na shirya wa duka, Kawu bai taɓa ni ba. Da ƙafarsa ta yi sauƙi ya sa na ɗauko ƙaramin jirgi, ya aika anka kira Gwaggo, munka koma wurin mu uku da hantsi. Ya caka gora har ta daki itace. Ya ce, "Tuɓe ka sauka ka gaishe ta." Na ce, "Kawu, wa?" Ya ce, "Wadda kat tsallake." Ina cire riga Gwaggo ta yi magana, karo na farko tun ranar. Ta ce, "In ka sauka ka shafa gefen gabas. Akwai ƙusa uku manya. Babana ya kafa su, da su yake hawa ya ɗora amya. Ni ce ke riƙe mashi wuta a ƙasa." Sai a lokacin na san mai zuman da nake rerawa shekara da shekaru uban matar da ke zaune gabana ne.

Ruwan ba a ganin komi cikinsa. Na bi jikin itacen da hannu, santsi kamar an shafa mashi kuɓewa, ina sauka kunnena na zafi. Sai yatsana ya ci karo da ƙarfe. Na ƙara ƙasa, ga na biyu. Na uku sai da numfashina ya kusa ƙarewa. Na fito ina haki na ce, "Suna nan, Gwaggo, duk ukun." Ta ce, "To." Ta juya fuska wajen tudu ta daɗe ba ta waiwayo ba. Kawu ya ce, "Ka ji ko? Waƙa ba a maƙogwaro take ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira." Ranin da ya biyo, ni na yi wa Gwaggo ban ruwa, ba wanda ya sa ni. Daga ranar kuma ban sake jan baiti ba sai ina ganin abin da nake faɗi. Na yi shekara fiye da ashirin ina riƙe baya, ko fenti ban ƙara kankarewa a kan itace ba.

Sai inji ya zo ya kashe mu. Wa zai zauna rabin yini cikin jirgin filafili ga mai kai shi kafin shayi ya huce? Bayana ma ya lalace, na dawo gyaran tarun mutane a ƙofar gida. Kawu ya rasu, Gwaggo ta rasu, abokan tuƙi sunka bi ɗaya bayan ɗaya. Masu inji na farko yaranmu ne, sun san hanya. Na bayansu kuwa bin sawun juna suke, wanda ya fasa jirgi a ce ƙaddara.

Bara ɗana ya zo mani da wani abokinsa mai situdiyo a Yelwa, yaro mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Baba, an ce kai kaɗai ka rage mai waƙar nan. Bai kamata ta ɓace ba." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na yi alwala, na sa riga mai kyau kamar mai zuwa ɗaurin aure, na zauna na ja mashi ita cikin waya tun daga kiryar maƙeri har giginyar bakin kasuwa. Bayan wata biyu ta fito. Baiti uku sunka ɗauka cikin sha biyu. Na shida ya koma farko, na uku ya biyo shi sau uku, daga nan anka faɗa na goma. Kuma da yake "bar ta dama" ya fi zama bisa kiɗa, sai sunka yanko shi sunka liƙa a gindin kowane baiti, har da itatuwan da in ka bar su dama ka hau tsakiyar 'yan'uwansu. Na je har shagon. Na ce, "Kai, ka san abin da ka yi? Ka sa muryata tana yi wa mutane ƙarya a kan ruwa." Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wa zai bi waƙa ya tuƙa jirgi? Ba mai sauraren kalmomin nan, bugun ake bi. Kai dai ka gode Allah, har Kontagora ana jin ka." Abin da ya fi ƙona ni shi ne gaskiya ya faɗi. Ƙaryar ma ba ta da haɗari, tunda ba mai jin ta.

Na zaunar da ɗana ya fi a ƙirga. Na ce, "Zo in ba ka ita yadda take, ruwa na sauka." Yau ya ce zai je sayen mai, gobe ya ce Alhaji na kira. Ranar da ya zauna, ina baiti na biyu na ga ƙafarsa na buga ƙasa, kansa na gyaɗawa, kiɗan situdiyo yake ji a ransa. Na ce, "Mi na ce yanzu?" Ya ce, "Ka ce a bar ta dama." Na ce, "Wace?" Ya sosa ƙeya. Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, jakin banza." Uwarsa ta ce na cika zafi, yaro ba a koya mashi da zagi. Wataƙila. Ita ba ta taɓa tura abincin shekarar wata cikin ruwa da hannunta ba.

Da na ga ba ci, sai na fara bin shi. Duk ranar kasuwa in ɗaure bayana da rawani in hau goshin jirgi in zauna. Inji na ruri, lasifika na ihu da muryata, ba mai jin magana, don haka da hannu nake yi mashi. In dutse mai tsaga ya hau yashi in miƙa hannu, ya karkata. In munka zo maƙabarta in daddanna tafi ƙasa, ya rage wuta. Fasinjoji sunka ɗauka rawa nake. Wata mai kifi ta ce, "Kai jama'a, ku ga Baba, tsufa bai hana shi ba!" Sunka riƙa tafa mani. Har wani ɗan iska ya ɗauke ni a waya, an ce akwai yara a Shanga da ke kwaikwayon hannun nawa wurin biki. Na bar su. Su yi ta tafi, in dai za su sauka da ƙafarsu a busashe.

Sai zazzaɓi ya kayar da ni ana saura kwana ɗaya kasuwa. Na so in tashi, ƙafa ta ƙi. Ina kwance ina jin tashin injinsa daga kwata har ya ɓace. Ban ci komi ba ranar. Bayan la'asar ya shigo, wandonsa jiƙe har cinya, ko sallama bai yi da ƙarfi ba. Ya zauna bakin tabarmata. Ashe a hanyar dawowa wani abu ya daki farfelar inji ya lanƙwasa ta, jirgi ya juya gefe har ya ɗebi ruwa, wata mata ta saki goyonta, Allah ya sa na kusa da ita ya cafe. Wani jirgi ne ya jawo su. Ya ce, "Na tuna hannunka har wuri takwas, Baba. Daga nan na rasa." Ya ciro wayar daga aljihu ya kashe ta da kansa ya kife. Ya ce, "Bayan na takwas, ɗorawar masaƙa, mi ke biye?"

Shekara guda nake jiran wannan tambaya. Na tashi zaune na buɗe baki, sai na ji "Ja ɗan Inna, ja" ya fito da sauri irin na situdiyo, bayansa kuma baiti na goma ya faɗo. Na ce a'a, ba shi ba ne. Na koma farko. Kirya, maɗaci, tsamiya, sai bakina ya sake tsamiya, ya kuma sake ta, yadda lasifika ta saba. Watanni ina zaune gaban abin nan yana dukan kunnena, ashe ya shige ni ban sani ba. Ni da ke zagin mutane. Gumi ya keto mani wanda ba na zazzaɓi ba. Yaron yana kallona, na ga tsoro a idonsa. Na ce, "Je ka aro ƙaramin jirgi da filafili biyu. In na ji sauƙi za mu fita. Ba inji."

Kwana uku bayan nan munka fita da sassafe. Shi a gaba, ni a baya. Bai iya filafili ba, yana tsoma shi kamar mai dama fura, na zage shi har na gaji. Amma da hannunmu ya daidaita, bugun ya koma na da, sai waƙar ta fara dawowa da kanta, kowane baiti a wurinsa. In na ja, ya maimaita, in nuna mashi abin da ke tudu, ya caka gora ya ji itace da hannunsa. A maƙabarta na ɗaga filafili, ya waiwayo ya gani, shi ma ya ɗaga nasa. Munka wuce na bakwai, munka wuce ɗorawar masaƙa. Sai na yi shiru.

Jikina ya san wurin. Hannuna ya karkata jirgi tun kafin in yi tunani, gora ta daki itace, har da sabon rauni inda farfela ta sare shi. Amma baitin babu. Munka koma baya munka sake tahowa sau huɗu, ina jan na takwas da amshinsa ko na tara zai biyo, sai in iso in tarar da wuri fayau kamar gurbin haƙori. Na goma na nan, na sha ɗaya da na sha biyu suna nan. Wanga ɗaya ya tafi. Ban san ko marke ne ko kirya ba, ban san ƙofar gidan wa yake ba, kuma duk wanda zan tambaya yana ƙasa. Na ce wa ɗana ya kira abokinsa mai situdiyo, ai na ba shi ita cikakkiya. Ya kira. Yaron ya ce wayar ta cika tuntuni, ya goge.

Ɗana ya ce, "Baba, to ka ƙaga wani mana. Wa zai sani?" Na ce, "Ni zan sani. Waɗanda sunka yi ta sun sha inuwar itacen nan. Ni in sa mashi sunan wa?"

Akwai wata jarkar manja rawaya cikin jirgin da munka aro. Munka je yashi munka ɗauko dutse, ya ɗaure shi da igiyar taru, ya ɗaura jarkar a ɗaya bakin, munka sake ta a gefen itacen. Yanzu yana baiti na biyar, yana yi yana tuntuɓe, muryarsa ko ta Kawu ta fi ta daɗi, ruwa kuma bai gama sauka ba, don haka har yau ina hawa goshin jirgi. In munka wuce ɗorawar masaƙa ba na cewa komi, shi ma ba ya cewa. Ido kawai muke zubawa mu ga ko jarkar na nan, ko wani ya riga ya sace ta.